Maɓallin Malalata

Litinin, 5 ga Mayu

Sun lalata wasan.

Da safe kafin in fita aiki na kunna kwamfuta in ga sabon gyaran da suka shafe wata guda suna tallarsa. Sai ga wani ƙaton maɓalli kore a kusurwar dama, an rubuta masa "Taimako". Kana danna shi, jaruminka zai yi gudu da kansa, ya kauce wa sara da kansa, ya sha maganin rauni da kansa. Kai naka kawai danna linzamin kwamfuta, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Shekara goma sha ɗaya ina buga Ganuwa Bakwai. Wata biyar cur ƙungiyarmu ta yi tana shan kashi kafin mu kayar da Dodon Ƙanƙara, mutum ashirin, kowace Asabar da ƙarfe huɗu. Ranar da ya faɗi kuka na yi, ba na jin kunyar rubutawa tunda ba mai karantawa. Yau na ga wani da ya shiga wasan shekaranjiya yana yawo da rawanin dodon a kansa. Saya ya yi. A shagon cikin wasa, kusa da hular zomo.

Baban yara ya ce, "To ki daina mana." Shi ke nan gudummawarsa.

Laraba, 7 ga Mayu

Yanzu in aka kashe ka, kafin gawarka ta kai ƙasa an turo maka talla. "Kada ka karaya! Akwatin sa'a, rangwame na minti goma." Ga agogo yana ƙirga maka. Da, in ka mutu, tafiyar minti ashirin za ka yi a ƙafa ka koma inda ka faɗi, kana tafe kana tunanin wautar da ka tafka. A nan mutum yake koyo.

A kantin maganin da nake aiki na ba wata mata maganin tari na manya alhali na yara ta nema. Allah ya sa na lura tun ba ta kai ƙofa ba. Oga ya leƙo ta saman gilashinsa, ya koma kan aikinsa. Gara ma ya yi faɗa.

Asabar, 10 ga Mayu

Yaƙin yau minti tara. Tara! Abin da muke yi a awa biyu, muna gumi, muna ihu a kan juna.

Wasan yana sa ɗan koren ganye a gefen sunan duk wanda ya kunna maɓallin. Na ƙirga ganye takwas cikinmu. Wani ɗan ƙungiyarmu da muke kira Lauya ya zo da sulke na zinariya mai fukafukai, yana walƙiya har ba na ganin inda zan taka. Sara biyu ya yi wa mai gadin ƙofa ya watse. Na tambaye shi nawa ya saya, ya ce, "Shugaba, ni lokaci ne ba ni da shi, ba kuɗi ba." Wai yana da shari'a uku ranar Litinin, ba zai iya zaman wata biyar a kan dodo ɗaya ba.

To wa ya ce dole sai ka kayar da dodon?

Bayan an tashi Gatari ya kira ni. Shi ne mataimakina, tun farkon ƙungiya yake, direban babbar mota ne, muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya ce in ban yi wani abu ba ƙungiyar ta zama kasuwa. Ya sa wa abin suna maɓallin malalata. Na yi dariya har da tari.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na rubuta doka. Duk wanda ya kunna koren maɓalli, ko ya sa kayan da ya saya da kuɗi, ba ya shiga yaƙin Asabar. Aka kaɗa ƙuri'a, goma sha huɗu da tara. Lauya ya rubuta jawabi mai sakin layi shida a kan 'yancin ɗan'adam, sannan ya fita da mutum biyar.

Sun tafi da fukafukansu. Iska ta ɗan shigo.

Talata, 13 ga Mayu

Sunan Yaya ya kunna.

Ina zaune ina jera kayan yaƙi sai na ga hasken a saman jerin sunaye, inda ya yi wata takwas a dushe. Sai da na ajiye kofin shayi. Shi ya kafa ƙungiyar nan. Shi ya zaunar da ni gaban tsohuwar kwamfutarsa lokacin ina makarantar koyon haɗa magani, ya ɗora yatsuna huɗu na hagu a kan kibod, yana buge mini hannu da biro in na kalli ƙasa. Bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, daga gadon asibiti ya ce da Anti, matarsa, ta kira ni, ya ce, "Auta, riƙe mini su." Bakinsa a karkace, sai da ya maimaita sau uku na gane. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, yana tafiya da sanda. Hannun hagu bai dawo ba. Kuma wasan nan rabinsa hannun hagu ne, gudu, tsalle, kaucewa, duk a can suke.

Na yi murna, wallahi na yi. Na kai hannu zan rubuta masa sannu da zuwa.

Sai na ga koren ganye a gefen sunansa.

Na kashe kwamfutar na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Alhamis, 15 ga Mayu

Saƙon murya daga Yaya, daƙiƙa goma sha ɗaya. "Auta, kin gan ni kuwa? Na dawo fa. A sa ni cikin na Asabar." Yana dariya a ƙarshe, irin dariyarsa ta da, wadda rabon da in ji ta tun kafin asibiti.

Na tura wa Gatari. Ya rubuto: "Ina ƙaunar mutumin nan fiye da wasu 'yan'uwana. Amma ke kika rubuta dokar. Kwana huɗu ke nan. In kika buɗe masa, me za ki ce da Lauya?"

Abin haushin shi ne yana da gaskiya.

Na rubuta wa Yaya cewa na wannan makon ya cika, sai wani.

Asabar, 17 ga Mayu

Mu goma sha bakwai ne a yaƙin da ke ɗaukar ashirin. Na manta cewa duk ɗan ƙungiya yana iya ganin jerin. Sunan Yaya yana kunne tun daga farko har ƙarshe. Mun sha kashi sau shida, ba ganye ko ɗaya, komai da hannunmu kamar yadda nake so. Ban ji daɗin komai ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa. Shafi biyu. Na gaya musu sun mai da wasa shago, sun mai da jarumta kayan sayarwa, sun ɗauki abin da mutane suka gina da shekaru sun rataya masa farashi. Har da kalmar "rashin mutunci" na sa, na cire, na mayar.

Amsa ta zo cikin daƙiƙa huɗu. "Mun gode da ƙaunarki ga Ganuwa Bakwai! Ga kyautar rangwame a kan akwatin sa'arki na gaba."

Na yi ihu har baban yara ya fito daga banɗaki da kumfa a gemu yana tambayar wa ya mutu.

Juma'a, 23 ga Mayu

Anti ta zo kanti karɓar maganin Yaya. Ni nake haɗa masa kowane wata, na san shi kamar sunana: na hawan jini, na tsinka jini, da ƙaramin fari na dare. Ta tsaya tana juya jakarta a kan teburin sayar da magani, ta ce in ba ta na mako biyu kawai. Na ce me ya sa. Ta ce haka nan. Na ce Anti. Ta kalli Oga, na ja ta zuwa ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen ruwan ƙarin jini da firij mai ƙara.

Ta miƙo mini wayarta. Saƙonnin banki, a jere, duk suna ɗaya. Na yi ta ja da yatsa ba su ƙare ba. Ƙanana ne, kowanne bai kai a yi magana ba, amma wani sau biyar a yini. Kuɗin gashin ƙashinsa na wannan watan a can suka tafi. Zama biyu ke nan bai je ba, ya ce mata wai likitan ne ya yi tafiya.

Na ce ai maɓallin kyauta ne, me yake saya? Ta ce ita ba ta san kan abin ba. Abin da ta sani, tun ranar Asabar yake shiga wani kogo shi kaɗai, ana kashe shi, wani akwati yana fitowa, yana danna shi. Ta ce ta tambaye shi ina abokan nasa, ya ce sun cika.

Kogon nan na mutum ashirin ne. Ba mai shigarsa shi kaɗai sai da kayan saye tun daga kai har ƙafa. Sun san haka. Don haka suka gina shi.

Abin da ya fi damuna shi ne da ta ce, "Ni fa ban so in hana shi ba. Rabon da in ji yana zagin wani abu da ƙarfi haka tun bara. Na ɗauka lafiya ce ta fara dawowa."

Na ba ta na wata guda. Na ce da Oga a cire a albashina, ya ce in daina yi masa surutu a wurin ciniki.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban shiga yaƙi ba. Na ce da Gatari kaina ke ciwo. Yana ciwon kuwa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je gidan Yaya da la'asar, na tsara maganata tun a mota, tsaf, cikin natsuwa. Ina shiga na watsar da ita.

Ya ja teburin kwamfutar kusa da taga. Sanda a jingine da bango, hannun hagu a kan cinya kamar wani ya manta shi a wurin, ƙwallon robar da aka ce ya riƙa matsawa tana ƙarƙashin kujera ta yi ƙura. Jaruminsa a allo ya sha ado, har da wani doki mai wuta a kofato. Yaya! Mutumin da ya taɓa korar wani daga ƙungiya don ya ari takobi.

Ban ma gaishe shi da kyau ba. Na ce wannan caca ce. Na ce an zauna an lissafa yadda za a tatse irinsa, shi kuma ya miƙa wuya. Na ce kuɗin asibiti, Yaya, kuɗin asibiti. Na ce da yawa. Anti ta ja yara zuwa ɗaki.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na san caca ce. Kin ɗauka ƙwaƙwalwar ma ta shanye?"



Ba zan iya tuna duka a jere ba. Ya ce wata takwas ana sa masa riga, ana yanka masa nama a faranti, ana yi masa magana a hankali kamar yaro. Ya ce ranar da ya danna maɓallin nan ya ga jaruminsa ya ruga a guje ya haye gada, sai da ya rufe ƙofa don kada Anti ta ga fuskarsa. Ya ce, "Ke kina da hannu biyu, shi ya sa kike da ra'ayi." Na ce ba haka ba ne, dokar ba don shi aka yi ta ba. Ya ce ya sani, ya karanta ta, rubutun ya yi kyau, da shi ne shugaba da lafiyarsa da wataƙila abin da zai rubuta ke nan. "Amma da ba zan ce miki ya cika ba. Da na ce miki, Auta, ba ki cancanta ba. Ki faɗa mini a fuska mana. Goma sha bakwai ne, na iya ƙirga."

Na ce to ya cire katin banki daga wasan. Ya ce in fita masa daga ɗaki.

Na fita. Na zauna a mota minti goma ban tayar ba. Haushinsa nake ji, da na kamfanin, da na Gatari, da na Lauya da fukafukansa. Na bar ɗaya ban lissafa ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Na gwada. Na sa hannun hagu a aljihu, na shiga filin horo da linzami kaɗai, ba maɓalli. Wani ƙaramin kerkeci, irin wanda ake ba sababbin shiga, ya kashe ni sau uku a jere. Kowane karo akwatin yana fitowa da agogonsa. A na ukun na ga yatsana ya matsa wajensa da kansa.

Abu ɗaya suka ba shi kyauta, suka kewaye shi da tarko goma. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da abin duka mugu ne da na san inda zan tsaya.

Saƙo daga Anti da yamma: ya ba ta katin da kansa, ya ce ta cire, ta canza lambar sirri kada ta gaya masa. Gobe za su asibiti. Bai ce a gaishe ni ba. Na tambaya.

Asabar, 31 ga Mayu

Na raba dokar biyu. Kayan saye har yanzu haram ne a yaƙin Asabar. Maɓalli kuwa, wanda yake buƙata ya kunna, ba mai tambayarsa dalili.

Taron ya yi zafi. Wani ya ce ashe doka tana da ɗan'uwa. Na ce ƙwarai, tana da yaya, kuma shi ya kafa wurin da kake tsaye kana magana. Bai kamata in faɗi haka ba, amma na faɗa. Sai wata da muke kira Malama, shekara shida muna tare ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba, ta ce yatsunta sun shekara biyu suna kumbura, bayan kowane yaƙi sai ta tsoma su a ruwan ɗumi, tana jin kunyar faɗa.

Gatari ya ce yau maɓalli, gobe doki mai wuta, shi ya ga inda hanyar ta nufa. Ya fita da mutum uku. Kafin ya tafi ya rubuto mini ni kaɗai: "Ki gaishe mini da Yaya." Shekara goma sha ɗaya. Ina ganin zai iya zama yana da gaskiya, shi ne abin takaicin.

Lauya ya ji labari, ya turo yana tambaya ko sulkensa ma yana da larura.

Talata, 3 ga Yuni

Na tura wa Yaya gayyata. Ya ƙi karɓa. Ya rubuto: "Ba na son sadaka."

Mutumin nan zai kashe ni.

Asabar, 7 ga Yuni

Da rana ya kira. Ba sallama, ba komai. Ya ce zai shiga, amma ba da maɓalli ba, kada wani ya ce an sassauta don shi. Na ce to da me? Ya ce, "Da hannunki. Ki zo da shi, ki bar bakin a gida."

Na je. Anti ta kawo kujerar kicin ta ajiye a hagunsa. Ya tuɓe wa jaruminsa duk kayan sayen, ya mayar da tsohon sulkensa mai tsatsa, dokin ma ya kore shi. Ni kibod, shi linzami, jarumi ɗaya. Mu goma sha huɗu ne kawai, a gaban Dodon Ƙanƙara.

Bala'i ne. Ina gudu hagu yana sara dama. Yana cewa tsalle bayan na riga na yi. Ya ce ina tuƙi kamar mai koyon mota, na ce shi yana sara kamar mai korar sauro. Gwiwar hannuna tana bugun haƙarƙarinsa. Muka faɗa rami ɗaya sau biyu, ramin da ko sababbi ba sa faɗawa. Sau huɗu muka jawo aka kashe kowa, kuma kowane karo ga akwatin nan da agogonsa, Yaya yana rufe shi yana yi masa wani zagi da ban san ya iya ba. Anti tana bakin ƙofa tana dariya da hannu a baki. Ina jin mutane a lasifika suna ƙoƙarin yin haƙuri, Malama tana cewa ba komai, a sake.

A karo na biyar na juya na dube shi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya gaji, kuma na san shi, zai faɗi daga kujerar nan kafin ya furta.

Na ce a hankali, "Yaya, danna shi kawai."

Ya ce, "Me?"

Na ce ya danna.

Ya matso da makirfo gaban bakina. "Ban ji ba, kunnen hagun nan ma sai a hankali. Shugaba, me kika ce a danna?"

Ba abin da ya sami kunnensa. Na faɗa da ƙarfi, mutum goma sha uku suna ji, wani har da tafi. Ya danna. Na ɗauke hannuna daga kibod na rasa inda zan ajiye shi. Jarumin ya ruga da kansa, Yaya kuwa ya san dodon nan fiye da kowa, ya san daidai lokacin da yake ɗaga hannu, ya riƙa ba da umarni kamar da, ku ja baya, yanzu, yanzu! Minti arba'in. Da ƙyar, saura mutum uku a tsaye. Da dodon ya faɗi ya buga teburin har ƙwallon robar ta gangaro ƙasa, ashe yanzu a kan tebur take zama.

Ba daidai yake da na farkon ba. Ba zan ce daidai yake ba. Kuma masu shagon nan ɓarayi ne, gobe ma zan sake rubuta musu.

Da na dawo baban yara ya tambaye ni yaya aka yi. Na ce ba laifi. Ya ce to me ya sami muryarki, ta dushe haka?

Na ce mura ce.